Yadda Ake Kula da Tsohuwar Ƙaramar Feloda Irin ta Bobcat da Yadda Ake Aiki da Ita

Ƙananan felodojin da ke shigowa ƙasarmu yawancinsu sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Za ka tarar da Bobcat 743 da aka fara ƙerawa a 1981, ko 753, ko Case 1840 da 1845C, suna ɗibar yashi a gidan bulo, suna kwashe kashin kaji a gona, suna baje burji a filin gini. Tun asali don wuri mai matsi aka yi ta: wasu 'yan'uwa biyu, Cyril da Louis Keller, su suka ƙera ta farko a jihar Minnesota a 1957 domin wani mai kiwon talotalo da ke neman abin share ɗakunan tsuntsayensa, daga baya kamfanin Melroe ya karɓi aikin ya fito da mai taya huɗu a 1960.

Bayanina zai fi karkata ga Bobcat 743 mai injin dizal na Kubota V1702, amma yawancin abin da zan faɗa ya shafi sauran. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: tsohuwar na'ura ba ta da kwamfutar da za ta gargaɗe ka. Idonka da kunnenka da hannunka su ne gargaɗin.

Ga yadda take tafiya a taƙaice. Ba ta da sitiyari, ba ta da giya. Injin yana juya famfunan haidurolik biyu, ɗaya na tayoyin dama, ɗaya na hagu. Kowane famfo yana tura mai zuwa motarsa, motar kuma ta ja tayoyi biyu na gefenta da sarƙa. Akwai famfo na uku da ke ɗaga hannuwa, wato dogayen ƙarafan da ke ɗauke da bokiti, da juya bokitin. Saboda haka rayuwarta tana kan abu uku: mai mai tsabta, iska mai tsabta, da giris.

Kayan da za ka tanada

- Bindigar giris da giris mai kyau
- Baƙin mai na injin dizal, 15W-40
- Man haidurolik, da mazurari mai tsabta wanda ba a zuba komai da shi sai shi
- Filtar baƙin mai, filtar gas, filtar haidurolik, da filtar iska ta waje da ta ciki
- Sifanoni da soket na inci da na milimita duka, domin jikin na'urar na Amurka ne, injin kuma na Japan
- Gejin iskar taya, tocila, tsumma, da guntun kwali
- Jak mai ƙarfi da katakai masu kauri na tokare
- Ƙarfen tokare hannuwa
- Fanbel na ajiya da gwangwanin kashe gobara

Kafin ka je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, rubuta lambar jikin na'urar da lambar injin a takarda, ka kuma tafi da tsohuwar filtar a hannu. Filta biyu sukan yi kama a ido amma zaren bakinsu ya bambanta. Idan na'urar ta zo babu ƙarfen tokare hannuwa, kada ka taɓa komai a ƙarƙashinsu sai ka sa mai walda ya yi maka ɗaya da ƙarfe mai kauri wanda zai kwanta a kan sandar silinda daga baki zuwa baki. Katako ba ya maye gurbinsa.

1. Zagaye na safe, kafin ka taɓa makulli

Fara da ƙasa. Duba inda ta kwana. Baƙin ɗigo daga baya na injin ne, mai haske-haske na haidurolik ne, wanda kuma ya jiƙa cikin rim ɗin taya alama ce sil ɗin aksul ya fara saki. Tsohuwar na'ura ba ta rasa ɗan tsattsafi, abin da kake nema shi ne ɗigon da jiya babu shi.

Buɗe ƙofar baya. Zaro sandar awon baƙin mai, goge, mayar, sake zarowa. Duba ruwan lagireto tun injin na da sanyi. Duba man haidurolik da hannuwa a ƙasa, na'urar kuma a wuri mai daidai, in ba haka ba awon zai yaudare ka. Kalli launinsa. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. In yana kumfa, iska na shiga ta wani tiyo na ɓangaren zuƙa. In yana warin ƙuna, ya sha zafi fiye da kima. Danna fanbel da yatsa, ya ɗan lotsa kaɗan kawai. Cire ciyawa da leda da ƙaiƙayi da suka taru kusa da salansa, domin daga nan gobara ke tashi.

Sai tayoyi. Girman da aka fi samu a wannan aji shi ne 10-16.5. Sa musu iska daidai da abin da ke rubuce a jikinsu, kuma duk huɗun su zama ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa sabuwar taya a gaba a bar suɗaɗɗiya a bayanta a gefe guda. Tayoyin gefe ɗaya tare suke juyawa dole, to idan ɗaya ta fi ɗaya girma, sarƙa ce ke shan wahalar. In taya biyu kawai kuɗinka ya isa, sa su duka a gefe ɗaya. Ka bi notocin taya da sifana, sukan saki saboda yawan murzawa.

2. Giris

Kowace ranar aiki, ko bayan awa 8 zuwa 10. Ba mako-mako ba. Wuraren su ne fin ɗin da hannuwa ke juyawa a kai daga baya, bakin silindojin ɗagawa sama da ƙasa, silindar juya bokiti, da fin ɗin farantin da bokiti ke maƙalewa. Goge kan nonon giris kafin ka ɗora bindiga, don kada ka tura yashi ciki da hannunka. Matsa har sai tsohon giris ya ɓullo ta gefe. Idan wani nono ya ƙi karɓa, kada ka ce gobe. Kwance shi ka wanke da gas ko ka canza shi, kuɗinsa bai kai na shayi ba, amma fin ɗin da ya bushe zai cinye bushin, daga nan ya cinye ramin hannun kansa, sai an kai ga walda da gyaran rami.

A 743 akwai wani wuri da kusan kowa ke mantawa: kuros ɗin da ya haɗa injin da famfo, can ciki bayan injin. Yana da nonon giris, isa gare shi da wuya, shi ya sa ake barinsa shekaru. Ranar da ya karye na'urar ba za ta motsa ba sai an ciro injin. Ka sa shi cikin lissafinka duk bayan awa 250. Samfurin 753 ba ta da wannan, bel ne ke juya famfonta, sai dai ka riƙa duba bel ɗin.

3. Iska da sanyaya injin

Nan ne ƙasarmu ta fi gwada na'ura. Ƙurar hunturu da ta gidan bulo da ta casar shinkafa ba irin wadda injin ya saba da ita a inda ya fito ba ce. Filtar iska biyu ce. Ta waje ita ke tare yawancin ƙura, ta ciki kuma mai gadi ce ranar da ta waje ta huje. Ta ciki ba a wanke ta, ba a hura ta, canzawa ake yi. Ta waje ma canzawa ya fi. Idan babu sabuwa a kusa, ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu, ka hura iska marar ƙarfi daga ciki zuwa waje, sannan ka sa tocila a cikinta a wuri mai duhu. In ka ga haske ya fito ta wani ɗan rami, ta mutu, jefar da ita. Kada ka tayar da injin babu filta ko na minti ɗaya. Ƙurar da ta shiga ba ta fita, tana goge zoben fistin ne har injin ya fara shan mai yana hayaƙi.

Lagireto da mai sanyaya man haidurolik kusa da juna suke, tsakaninsu ne datti ke toshewa inda ido ba ya gani. Hura su da iska, a lokacin ƙura kowace rana. Ruwan rijiya zalla yana barin gishiri da tsatsa a ciki, ka yi amfani da ruwan lagireto na gwangwani a gauraya yadda aka rubuta. Idan injin yana zafi, wasu makanikai kan ce a cire tamostat. Ban yarda da wannan ba. Zafin daga toshewa yake, ko fanbel, ko murfin lagireto da ya daina riƙewa, can za a nema. Kada kuma ka buɗe murfin da zafi.

4. Shiga da tayarwa

Ta gaba ake shiga, a taka bokiti, hannu biyu a kan mariƙa. Libobin tuƙi, wato sanduna biyun da ake tuƙa ta da su, ba mariƙa ba ne. Zauna, ɗaura bel, sauke sandar kujera. Wannan sandar ita ke kulle fedal idan ka ɗaga ta. Za ka ga an ɗaure ta ko an cire ta a wasu na'urorin wai tana ɓata lokaci. Gyara ta kafin aiki. Mutanen da wannan na'ura ta hallaka, da yawansu hannuwa ne ko bokiti suka danne su lokacin da suke fita ko leƙawa injin na aiki. Haka ragar ƙarfen da ke gefen kujera: hannuwan suna wucewa dab da kafaɗarka, ragar ce ke hana ka miƙa kai ko hannu a hanyarsu.

Birkin ajiya a kulle, libobi a tsakiya, totur ƙasa da rabi. Injin Kubota na wannan zamani yana son hita, wato abin da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar da shi, ko da gari ba sanyi, da safiyar hunturu kuwa dole ne. Riƙe hita na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka murza. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 15, in bai tashi ba ka huta minti ɗaya. Kada ka yarda a fesa fetur a bakin iska don ya tashi. Da hita mai zafi a ciki, abin na iya fashewa ya lalata injin. Injin da ke wahalar tashi, ka gwada hitocin ɗaya-ɗaya, ka duba batir da kan wayoyinsa, ka duba ko iska na shiga layin gas.

Da ya tashi, fitilar baƙin mai ta mutu nan take. In ba ta mutu ba, kashe. Bar shi ya yi ɗumi kamar minti biyar, ka ɗaga hannuwa ka sauke, ka juya bokiti sau da yawa don mai ya zagaya.

5. Koyon hannu da ƙafa

Nemi fili babu mutane, bokiti babu kaya, a ɗage kaɗan daga ƙasa. Tura libobi biyu gaba tare, ta tafi gaba. Ja su baya, ta koma. Tura ɗaya fiye da ɗaya, ta karkata. Ɗaya gaba ɗaya baya, ta juya a inda take. Sabon hannu yakan fizgi liba, na'urar ta yi tsalle, jikinsa ya jijjiga, hannunsa ya ƙara fizga, tsallen ya ƙaru. In haka ta faru, mayar da libobi tsakiya ta tsaya, ka sake farawa a hankali.

A Bobcat, fedal ɗin hagu na hannuwa ne: dunduniya ta ɗaga, yatsu su sauke. Na dama na bokiti ne: dunduniya ta naɗo shi, yatsu su zubar. Case 1840 da 1845C yawanci da hannu ake yin wannan, saboda haka in ka sauya na'ura ka fara gwadawa kafin ka kusanci kaya.

Wani abu da direban mota ke kuskurewa: a nan ba totur ke ba da gudu ba, liba ce. Idan za ka yi aiki, ɗaga totur sosai ka bar shi, sannan ka sarrafa tafiya da liba. Liba kaɗan ƙarfi ne mai yawa, liba har ƙarshe gudu ne marar ƙarfi. Aiki da totur a ƙasa yana sa injin ya riƙa mutuwa, fanka kuma ba ta sanyaya mai yadda ya kamata.

6. Ɗiba, ɗauka, zubarwa

Sauke hannuwa har ƙasa, bakin bokiti a kwance. Shiga tarin a hankali, kana shiga kana naɗo bokitin da dunduniyar dama, kana ɗan ɗagawa. In ka ji injin zai shaƙe, sassauta liba. Kada ka bar tayoyi suna murza wuri ɗaya, roba ce kake ƙonawa. Kada kuma ka taho da gudu ka daki tari, fin da silinda ke karɓar dukan.

Nauyin da aka ƙayyade wa 743 kusan kilo 590 ne, wannan kuwa rabin nauyin da zai ɗaga bayanta ne. Jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe nauyi nesa, saboda haka da damina ka rage cikawa. Tafi da kaya a ƙasa-ƙasa, daidai yadda ba zai taɓa hanya ba. Sai ka iso bakin tifa kake ɗagawa, a wuri mai daidai, kana ɗagawa kana ɗan sunkuyar da bokiti don kada kaya su zubo maka ta baya a kan ƙafa. Kada ka juya da kaya a sama.

A gangare ƙa'ida ɗaya ce: ɓangaren da ya fi nauyi shi ke kallon sama. Da kaya, gaba ke kallon tudu, hawa da sauka. Babu kaya, baya ya fi nauyi saboda injin, to baya ke kallon tudu. Kada ka ratsa gangare a kaikaice.

Idan za ka baje ƙasa, danna yatsun hagu har fedal ya maƙale, hannuwa su saki su bi ƙasa da nauyinsu, ka koma da baya bokiti na shafe wurin. A kan kwalta ko siminti ka yi juyi mai faɗi, juyawa a wuri ɗaya na cinye taya. Bayanka kuma kusan ba ka ganinsa. A wuraren aikinmu yara da leburori ba sa rabuwa da kewayen na'ura, ka sa mutum guda ya tsaya yana korar su, kuma kada ka ɗauki kowa a bokiti ko da taku goma ne.

7. Kashewa

Wuri mai daidai, hannuwa a ƙasa, bokiti a kwance. Rage totur ka bar injin ya huce minti biyu ko uku. Ja birki, kashe, ka motsa fedal don matsin da ya rage ya fita, sannan ka ɗaga sanda ka fito. Cika tanki da yamma ya fi, domin tankin da ke rabi yana tara raɓa cikin dare. Da damina ka rufe ta da tamfol.

8. Mai, gas da sarƙa

Baƙin mai da filtarsa, a tsohon injin da ke aiki cikin ƙurarmu, ina canzawa duk awa 100. Idan agogon awa ya mutu, kamar yadda yake a yawancinsu, riƙe littafi ka riƙa rubuta awannin kowace rana.

Gas na jarka shi ke kashe famfon nozul. Bar shi ya kwana ya kwanta, ka zuba ta kyalle mai tsabta, kada ka juye na ƙasan jarkar. Tsiyaye ruwan da ke ƙasan filtar gas a kai a kai. In ka canza filta ko gas ya ƙare a tanki, iska ta shiga layi. Sassauta notin fitar da iska a kan filta, matsa famfon hannu har gas ya fito babu kumfa, ka ɗaure. In har yanzu bai tashi ba, yi haka a wajen famfon nozul.

Man haidurolik shi ne jinin na'urar, kuma famfunan tuƙi su ne mafi tsada a jikinta. Goge bakin tanki kafin ka buɗe. Kada ka gauraya mai iri-iri, kada ka sayi na awo da ba ka san asalinsa ba. Canza filta a lokacinta, da kuma duk lokacin da tiyo ya fashe. In kana neman inda mai ke tsiyaya, kusanta guntun kwali, kada ka shafa da hannu. Man da ke fita ta ɗan rami da matsi yana huda fata ya shiga tsoka, raunin ƙarami ne a ido amma yana iya kai wa ga yanke yatsa. In ya faru, asibiti nan take. Tiyon da ya fashe ka kai shi gaba ɗaya wurin masu matse tiyo a yi maka irinsa, ka toshe bakunan da ka kwance da tsumma mai tsabta kafin ka tafi.

Akwatin sarƙa yana ƙarƙashin ƙafafunka, da nasa man daban a 743. A gabansa akwai toshi: kwance shi na'urar na wuri mai daidai, mai ya kai bakin ramin. Ruwan sama da na wanki kan shiga ta murfin sama, in ka ga man ya yi fari a tsiyaye a zuba sabo. Don gane ko sarƙa ta saki, ɗaga na'urar a kan katakai, injin a kashe, ka juya taya gaba da baya da hannu. Wasa kaɗan ba laifi, wasa mai yawa ko ƙarar dukan ƙarfe a lokacin tafiya na nufin a buɗe a duba. Jijjiga tayar kuma ciki da waje, in tana motsi boris ɗin aksul ne.

9. Aiki a ƙarƙashin hannuwa, da ranar da ta tsaya

In dole a ɗaga hannuwa don gyara, mutum biyu ake bukata. Cire bokiti. Kai kana zaune ka ɗaga, ɗayan ya ɗora ƙarfen tokare a kan sandar silinda, ka sauke a hankali har nauyi ya zauna a kansa, ka kashe injin, sannan ka fito. Kada ka kwance tiyo ko ɗaya hannuwa na sama babu tokare, domin man da ke cikin tiyon shi kaɗai ke riƙe da su.

Idan hannuwa suna sauka da kansu a hankali, sil ɗin silinda ne ko bawul ɗin sarrafawa. Idan tana rarrafe libobi na tsakiya, sandunan da ke haɗa liba da famfo sun saki ko bushin ɗinsu ya cinye. Wannan saitin ba a yinsa tayoyi na ƙasa, sai an ɗaga na'urar a kan katakai duk huɗun sun bar ƙasa. Idan gefe ɗaya ya yi rauni bayan mai ya yi zafi, ko famfo ya fara kuka, tsaya ka duba yawan mai da filta tukuna, in ba su ba ne ka kira wanda ya san haidurolik ya auna matsi da geji kafin a kwance komai.

In kuma ta mutu a tsakiyar aiki, kada a ɗaura mata igiya a ja ta da tifa ko tarakta, kada a tura ta don ta tashi, ba ta tashi da turi. Jan ta injin a kashe yana tilasta motocin tuƙi su juya babu mai isasshe. Gyara ta a inda take, ko a ɗaga ta a ɗora kan mota, a sauke bokiti ƙasa, a ɗaure gaba da baya da sarƙa.